Mece ce libaraliyya, kuma me ya sa take sauya kama daga ƙasa zuwa ƙasa?

Ɗalibin Siyasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, ina neman a warware mini wani ƙulli. Kalmar nan ta libaral, wadda gidajen rediyo ke fassarawa da "mai sassaucin ra'ayi", ta zame mini hawainiya. In ana labarin Amurka, libaral shi ne mai son gwamnati ta ƙara wa masu kuɗi haraji, ta biya wa talaka kuɗin asibiti. In aka dawo kan tattalin arzikinmu, sai a ce tsarin SAP na gyaran tattalin arziki a zamanin Babangida da cire tallafin mai duk aikin libaraliyya ne, wato gwamnati ta tsame hannunta ta bar kasuwa ta yi halinta. A Ostireliya kuwa, jam'iyyar da ke ɗauke da sunan Liberal ita ce ta 'yan mazan jiya. Ga kuma Facebook, inda in aka ce wane libaral ne, ana nufin ya raina addini da tarbiyya.

To wanne ne na asali? Daga ina abin ya faro, su wa suka kafa shi, kuma a ina aka rabu? Don Allah a yi mini bayani da shekaru da misalai, yadda zan iya bin sawu da kaina. Allah ya saka da alheri.

Mai Alli ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, fara ajiye fassarar rediyo a gefe. Sassaucin ra'ayi hali ne, ana samunsa wajen liman, ana samunsa wajen ɗan gurguzu. Abin da ake kira libaraliyya a ilimin siyasa amsa ce ga tambaya guda: a ina ikon mai mulki yake tsayawa a kan mutum ɗaya? Duk wanda ya ce akwai wani fili a rayuwar mutum, imaninsa, bakinsa, jikinsa, dukiyarsa, wanda sarki ko majalisa ko taron jama'a ba su da hurumin shiga sai da hujjar da doka ta sani, to ya shigo gidan. Rigingimun mazauna gidan daga baya suka taso.

Daga jini abin ya tsiro. Bayan Kiristocin Turai sun rabu biyu, Katolika da Furotesta, sun shafe fiye da shekara ɗari suna yanka juna. Yaƙin Shekara Talatin kaɗai, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye miliyoyin rayuka a ƙasashen Jamus. A Ingila sarki da majalisa suka gwabza har aka fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a 1649. A 1685 Sarkin Faransa Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Furotesta kariya, wajen mutum dubu ɗari biyu suka tsere daga ƙasar. A wannan lokacin John Locke yana zaman gudun hijira a Holan, a can ya rubuta wasiƙarsa kan haƙuri da addinin juna, wadda ta fito a 1689. Hujjarsa mai sauƙi ce: takobi na iya durƙusar da mutum, amma ba ya sanya imani a zuciya, don haka tilasta addini ɓata lokaci ne ko da a mizanin mai tilastawar. Aikin hukuma shi ne tsare rai, lafiya, 'yanci da dukiya. Ya ma rubuta cewa bai kamata a tauye wa Musulmi ko Bayahude haƙƙin ɗan ƙasa saboda addininsa ba. Sai dai ya cire waɗanda ba su yarda da Allah ba, domin a ganinsa rantsuwa ba ta ɗaure su, ya kuma cire masu biyayya ga wani shugaba na waje, abin da kowa ya fahimta da Katolika yake.

A shekarar dai aka buga littafinsa kan gwamnati. Can ya ce mulki amana ce. Mutum yana da haƙƙinsa tun kafin a kafa hukuma, jama'a ne suka danƙa mata iko da yardarsu don ta tsare musu wannan haƙƙi, in kuwa ta ci amana suna da damar sauke ta. Maganar ta zo daidai da abin da ya faru a ƙasa: a 1688 Sarki James na Biyu ya gudu, majalisa ta ɗora William da Mary bisa sharuɗɗan da aka rubuta a 1689. Sarki ba zai ɗora haraji ba sai da yardar majalisa, ba zai dakatar da doka ba, ba zai riƙe rundunar soja a lokacin zaman lafiya ba sai majalisa ta amince. Kafin nan akwai dokar 1679 da ta tilasta wa mai tsare fursuna ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi dalilin tsarewar. Waɗannan su ne ƙusoshin farko.

Montesquieu na Faransa ya ƙara nasa a 1748: kada mai yin doka, da mai zartar da ita, da mai hukunci su zama hannu ɗaya. Amurkawa suka gina tsarin mulkinsu na 1787 a kan haka. Adam Smith ya kawo ɓangaren kasuwa a 1776, kuma mutane da yawa suna jingina masa abin da bai faɗa ba. Abokan faɗansa su ne kamfanonin da sarauta ta ba su ikon cin kasuwa su kaɗai, irin Kamfanin Gabashin Indiya, da dokokin da ke hana mutum yin sana'a sai da izinin ƙungiya. Ya bar wa gwamnati tsaro, shari'a, da ayyukan da ɗan kasuwa ba zai yi ba, har da ilimin talakawa. Ya kuma yi gargaɗi cewa da wuya 'yan sana'a ɗaya su taru ba tare da zancen ya ƙare a haɗa baki don tsawwala farashi ba.

Duk cikinsu ba wanda ya kira kansa libaral. A matsayin sunan ɓangaren siyasa, kalmar ta fito ne daga majalisar da ta zauna a Kadis ta ƙasar Sifen, inda masu son taƙaita ikon sarki suka rubuta tsarin mulkin 1812. Jam'iyyar Liberal ta Birtaniya sai a 1859 ta haɗu.

A shekarar 1859 ɗin ne John Stuart Mill ya fitar da littafinsa kan 'yanci, kuma shi ya lura cewa ko an ɗaure sarki tsugune ba ta ƙare ba, domin masu rinjaye ma suna iya danne mutum, da ƙuri'a ko da tsangwama. Ƙa'idarsa ita ce: ba a amfani da ƙarfi a kan baligi mai hankali sai don hana shi cutar da wani. Amfanin kansa dalili ne na yi masa nasiha, amma bai kai dalilin ɗaure shi ba. Misalin da ya bayar ya fi kowane sharhi. Mutum na iya rubutawa a jarida cewa dillalan hatsi su ke kashe talaka da yunwa, ba mai taɓa shi. Amma in ya tsaya gaban fusatattun mutane da suka taru a ƙofar gidan dillalin hatsi ya faɗi wannan maganar, ya cancanci hukunci. Kalmomin ba su canja ba, wuri da haɗarin ne suka canja.

Abu ɗaya da ɗalibai ke yawan faɗuwa a kai: libaraliyya da dimokuraɗiyya ba tagwaye ba ne. Yawancin na farkon suna tsoron ƙuri'ar talaka. Bayan gyaran zaɓe na 1832 a Ingila, kusan namiji ɗaya cikin biyar ne ke da ƙuri'a. A Faransa kafin juyin 1848 masu zaɓe ba su wuce dubu ɗari biyu da arba'in ba, a ƙasa mai mutum miliyan talatin da biyar. Dimokuraɗiyya tana tambayar wa zai yi mulki, libaraliyya tana tambayar iyakarsa.

Ɗalibin Siyasa ya rubuta:

Allah ya ƙara sani, Malam. Wannan ya wanke mini rabin allon. Amma in tushen shi ne taƙaita gwamnati, ta yaya aka wayi gari masu neman gwamnati ta faɗaɗa hannu su ma suna amsa wannan suna? Nan ne har yanzu ban gane ba.

Malama Tattali ta rubuta:

Ɗan'uwa, amsar tana cikin masaƙun Manchesta.

Libaraliyyar kasuwa ta kai ƙololuwa a 1846. Tun 1815 masu gonaki, waɗanda su ne suka cika majalisa, suka kafa dokar hana shigo da alkama daga waje sai farashin gida ya kai sule tamanin a kan ma'aunin da suke kira kwata. Burodi ya yi tsada, mai gona ya yi ƙiba. Richard Cobden da John Bright suka yi shekaru suna zagaya ƙasa da taruka da ƙasidu, ga kuma yunwar Ailan da ta ɓarke a 1845, har firaminista Robert Peel ya soke dokar. Lura da kyau: a wannan faɗan, buɗe kasuwa shi ne ɓangaren talaka.

To amma a cikin masana'antu sai wata matsala ta bayyana. Ƙa'ida ta ce ma'aikaci da mai masaƙa mutane ne masu 'yanci, sun ƙulla yarjejeniya da yardarsu, gwamnati ba ruwanta. A zahiri ɗaya yana da jari da zai zauna wata shida bai buɗe ƙofa ba, ɗayan in bai yi aikin yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Zaman kashin dankali ke nan. Dokar masana'antu ta 1833 sai da ta rubuta ƙarara cewa kada a ɗauki yaron da bai kai shekara tara ba aikin masaƙa, wanda ya nuna maka abin da ake yi kafin ta. A 1881 wani malamin Jami'ar Oxford, T. H. Green, ya yi lacca ya ce 'yanci ba cire mari daga ƙafa kawai ba ne, ya haɗa da ƙarfin yin abin da ya cancanci a yi, kuma yarjejeniyar da yunwa ta sa hannu a kai ba ta cika yarjejeniya ba. Daga nan reshe na biyu ya tsiro. Ba su bar tambayar asali ba, faɗaɗa ta suka yi: ashe ban da sarki, talauci da jahilci da ciwo da mai gidan aiki duk suna iya riƙe wuyan mutum.

Gwamnatin Liberal da ta ci zaɓen 1906 ta mai da wannan aiki. A 1908 aka kafa fanshon tsufa, sule biyar a mako ga mai shekara saba'in da ba shi da hali. A 1909 ministan kuɗi Lloyd George ya kawo kasafin da ya ɗora haraji a kan manyan kuɗin shiga da filaye, majalisar dattawan gado ta yi fatali da shi, rigimar ta ƙare da rage mata iko a 1911. A shekarar kuma aka kafa inshorar lafiya: ma'aikaci namiji ya ba da kwabo huɗu a mako, mai gidan aiki uku, gwamnati biyu. Keynes, da ya ce gwamnati ta kashe kuɗi in kasuwa ta durƙushe, da Beveridge, da rahotonsa na 1942 ya zama taswirar tallafin jama'a a Birtaniya, duk 'yan jam'iyyar Liberal ne.

A Amurka kotu ce ta daɗe tana riƙe da tsohon reshen. A 1905 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar New York da ta hana masu gidan burodi sa ma'aikaci aikin da ya wuce awa sittin a mako, da hujjar 'yancin ƙulla yarjejeniya. Da tattalin arziki ya rushe a 1929, Roosevelt ya hau a 1933 da manyan shirye-shiryen gwamnati, ya kira su libaral, sunan ya manne. Abin da kake ji a labaran Amurka ke nan.

Masu tsohon reshe ba su yi shiru ba. Friedrich Hayek ya yi gargaɗi a 1944 cewa in gwamnati ta karɓe tsara tattalin arziki gaba ɗaya, to ta riƙe abincin kowa, wanda kuwa ya riƙe abincinka ya riƙe bakinka. Ya kuma kawo hujja mai ƙarfi: farashi saƙo ne, yana tattara sanin dubban manoma da dillalai wanda ba wani ofishi da zai iya tarawa. A 1947 ya tara masu ra'ayinsa a Mont Pelerin ta Suwizalan, ciki har da Milton Friedman. Sun yi shekara talatin a gefe, sai hauhawar farashi da rashin aiki suka haɗu a shekarun 1970, Thatcher ta hau a 1979, Reagan a 1981. Wannan shi ake kira sabuwar libaraliyya, kuma shi ya iso mana ta hannun Bankin Duniya da Asusun Lamuni.

A Najeriya, a 1986 aka soke lasisin shigo da kaya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona irin na gyaɗa da auduga da koko, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba, dala ta tashi daga ƙasa da naira biyu zuwa sama da huɗu. Wasu gyare-gyaren suna da hujja: lasisin ya zama hanyar azurta 'yan lele, hukumomin kuma sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Amma albashi ya narke, makaranta da asibiti suka rame, har aka yi boren 1989. Abin da nake so ka riƙe shi ne, gwamnatin da ta yi wannan ta soja ce, kuma Dokar Soja ta 2 ta 1984, mai ba da damar tsare mutum ba shari'a, tana aiki a lokacin. Haka aka yi a Chile ƙarƙashin Pinochet bayan 1973. An ɗauki reshe ɗaya, an jefar da saiwar da Malam Mai Alli ya bayyana.

Kuma ko a fannin kasuwar, jerin matakai yana da muhimmanci. In ka sayar da kamfanin gwamnati kafin ka kafa hukumar sa ido da kotun da za ta iya hukunta mai saye, ka mai da kadarar jama'a gonar mutum ɗaya, kamar yadda aka yi wa kamfanonin mai da ƙarafa na Rasha a 1995. Jamusawa sun fi fahimtar wannan. Ludwig Erhard, mai kula da tattalin arzikin yammacin Jamus, ya cire hannun hukuma daga ƙayyade farashi a 1948, amma mazhabarsu ta ce gasa ba ta tsare kanta, sai suka kafa dokar hana haɗa baki a 1957 da ofishi mai haƙora.

Baba Mai Tarihi ya rubuta:

Malam da Malama sun yi bayani mai kyau, amma ɗana, kada ka tashi daga nan da rabin labari. Akwai tambayar da dole a yi wa kowane ɗayan mutanen nan: da ya ce "mutum", wa yake nufi?

Locke, mai cewa an haifi kowa da 'yanci, yana da hannun jari a kamfanin sarauta da ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujeru. Faransa ta shelanta haƙƙin ɗan Adam a 1789, bayin Haiti suka ɗauki maganar da gaske suka tashi a 1791, aka soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833, fam miliyan ashirin ta ware diyya, kuma iyayengijin aka biya. Mill ya yi shekara talatin da biyar yana aiki da Kamfanin Gabashin Indiya, kuma a cikin littafin nan na 'yanci ya rubuta cewa ƙa'idarsa ba ta shafi al'ummun da ya kira marasa wayewa ba, mulkin kama-karya ya halatta a kansu in don gyara su ne. Tocqueville, marubucin libaraliyya na Faransa, ya goyi bayan mamaye Aljeriya. Gwamnatin Liberal ta Gladstone ce ta yi wa Iskandariya ruwan wuta ta mamaye Masar a 1882. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ba sau ɗaya ba.

Masana sun rabu kan fassarar wannan. Wasu sun ce cin amanar ƙa'ida ne, wasu sun ce a cikin ƙa'idar yake, tunda ita ta ba kanta ikon tantance wanda ya isa a ba shi 'yanci. Ni na fi karkata ga na biyu, duk da na yarda cewa waɗanda aka ware sun sha ɗaukar makamin su juya shi. Da Churchill da Roosevelt suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika a 1941, mai cewa kowace al'umma ta zaɓi gwamnatinta, Churchill ya yi sauri ya ce ƙasashen Turai da Nazi ta mamaye ake nufi. Azikiwe da wasu editocin Afirka ta Yamma suka kai takarda Landan a 1943 suna neman a aiwatar da ita a kansu.

Sannan kada a ɗauka Musulmi sun zauna jiran a kawo musu zancen. Rifa'a al-Tahtawi, malamin Azhar da ya yi limancin ɗaliban Masar a Faris daga 1826 zuwa 1831, ya fassara tsarin mulkin Faransa zuwa Larabci, ya ce abin da suke kira 'yanci shi ne abin da mu muke kira adalci da insafi. Khairuddin na Tunis ya rubuta a 1867 cewa ƙarfin Turai daga ɗaure masu mulki da doka ya fito, ya kafa hujja da shura da maslaha. Tunis ta yi tsarin mulki a 1861, aka jingine shi a 1864 bayan boren ninka haraji. Daular Usmaniyya ta yi nata a 1876, Sarki Abdulhamid ya rufe majalisar a 1878. Bashi, da fadawa, da jiragen yaƙin Turawa ne suka kashe waɗannan yunƙurin.

Wata suka kuma daga cikin jami'o'in Yamma ta fito. Bayan John Rawls ya kawo gwajinsa a 1971, wato ka zaɓi dokokin ƙasa alhali ba ka san ko za a haife ka ɗan sarki ko ɗan almajiri ba, mutane irin su Michael Sandel da Alasdair MacIntyre suka ce ba a taɓa haihuwar mutum haka tsurarsa ba, da dangi da addini da nauyi yake zuwa duniya. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 tana da wannan ruhi, shi ya sa ta jera wajibai ga iyali da al'umma kusa da haƙƙoƙi.

Lauyan Unguwa ya rubuta:

Baba, Allah ya ja kwana, ban ƙi ko ɗaya daga abin da ka lissafa ba. Zan dai nuna wa ƙanenmu inda abin yake a rubuce a gidansa, tunda tambayarsa ta Facebook ba a taɓa ta ba.

Buɗe Babi na Huɗu na tsarin mulkin 1999. Asalinsa kwamitin Willink ne, wanda aka kafa a 1957 don duba tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi wa manya. Maimakon ƙirƙiro sababbin jihohi, kwamitin ya ba da shawarar rubuta haƙƙoƙi a tsarin mulki, aka kwaikwayi yarjejeniyar Turai ta 1950 kan haƙƙin ɗan Adam, suka shiga kundin 'yancin kai na 1960. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita arba'in, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Jikan dokar 1679 ke nan. Sashe na 36 ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma ba a hukunta ka kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba. Na 38 addini, na 39 faɗin ra'ayi, na 44 diyya in gwamnati ta karɓi kadararka, na 46 kuma ya ba ka damar zuwa babbar kotu kai tsaye.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 45. Ya halatta taƙaita sassa na 37 zuwa 41 saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a ko lafiyarsu, muddin dokar tana da hujja a ƙasa mai dimokuraɗiyya. Wannan ƙofa faɗinta ya danganta ga alƙali. In yana tambayar gwamnati wace cuta ce takamaimai take gudu, kuma ko akwai hanya mafi sauƙi, haƙƙin ya rayu. In kuwa kalmar "tsaro" kaɗai ta ishe shi, babin ya zama ado. Sai matsalar aiwatarwa: ka ci shari'a an yanke maka diyya, amma taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati yana neman amincewar Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kayar.

Kan addini, tsarin ƙasashen da ake kira na libaral ba ɗaya ba ne. Ingila tana da cocin gwamnati har gobe. Amurka ta hana gwamnati kafa addini tun 1791, amma ta bar shi ya cika fili. Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905, ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, kuma masu bin Locke da Mill da dama suna ganin wannan ya saɓa ƙa'idar, domin ɗankwalin yarinya bai cuci kowa ba. A nan gida, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantun jihar Legas, a kan sashe na 38 aka gina shi. Mutum ɗaya gaban hukuma, hukuma ta sha kaye.

Ba zan ɓoye inda ake karo ba. Sashen nan na 38 ya ambaci 'yancin sauya addini, kuma ƙa'idar Mill ba ta yarda a hukunta baligi kan zunubin da bai taɓa kowa ba. Fiƙihun da muka gada yana da wata magana a waɗannan wurare, kuma malamai na zamani sun yi saɓani a kai. Wannan muhawara ce ta gaske, ta malamai da masana shari'a, wadda jifan juna da laƙabi a intanet ba zai raba ba.

Malama Tattali ta rubuta:

Barista, ƙari ɗaya, domin rabuwar da na bayyana tana nan cikin kundin da ka buɗe. Babi na Biyu ya yi alkawarin ilimi kyauta in hali ya samu, da kula da lafiya, da albashin da zai riƙe mutum. Reshen Green da Beveridge ke nan. Amma sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin layi na uku, ya hana kotu sauraron ƙara a kan wannan babi. Don haka wanda aka tsare kwana uku ba shari'a yana da takardar da zai shigar gobe da safe, uwar da aka koro ɗanta daga makaranta saboda kuɗi kuwa sai ta nemi wata doka dabam, irin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, kafin alƙali ya saurare ta. Ɗan'uwa, in za ka bi sawu da kanka, ajiye babi na biyu da na huɗu gefe da gefe ka karanta su a zama ɗaya.